Ƙofar da Yazidu Ya Zana a Cikin Salula

Yazidu mai walda ɗan maƙeran Kornaka ne. Ubansa hauya da lauje yake ƙerawa, shi kuwa ya zo Dakoro ya koyi haɗa ƙarfe da wutar kuran, wato lantarki. Marigayi maigidana, Malam Abdoulaye, shi ya ba shi gefen katangarmu ya kafa rumfa. Mutum ne marar magana, idonsa na hagu kullum ja saboda hasken walda, in an kira salla kuma yakan aje aiki ko ƙarfen na da zafi. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Amma tun muna yara ake gaya mana maƙera sun san abin da ba su faɗa, ni kuwa ban mance ba.

Da na fita takaba sai Elhaji, ƙanen marigayi, ya fara zarya. Dillalin bisashe ne. Kullum maganarsa ɗaya, wai gidan nan ya yi wa mace ɗaya girma, gara in koma wurin ɗiyata a Mai Yara. Ni a nan na haifi ƴaƴana, a nan aka wanke mijina, ba inda za ni. Ban dai faɗa masa ba, nakan ce Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri.

Wata ranar kasuwa na hango shi a rumfar Yazidu, sun haɗa kai suna magana ƙasa-ƙasa. Washegari sai ga Yazidu a bakin zaurena, inda ba komai sai tsohuwar asabari. Ya fito da zare ya auna tsawon ƙofar, ya ƙulla, ya auna faɗinta, ya ƙulla, ya naɗe ya sa aljihu.

Na ce, "Mi za ka yi da shi?"

Ya ce, "Aiki ne, Inna." Ya wuce.

Kowa ya san da zare da ƙasar sawu ake yi wa mutum kurciya, ya tashi ya bar gidansa da ƙafarsa. Daga ranar nan duk inda na taka a bakin zaure sai na bi da tsintsiya, na kuma ƙara yawan Falaƙi da Nasi.

Sai kuma wani sabon hali. Kowace la'asar Mushe Jafaru (haka muke kiran malaman boko, Mushe), mai koyar da lissafi a kolej, yakan zo su zauna kan benci su duƙufa a kan salular Yazidu. Na dama fura na kai musu don in gani da idona. Fuskar salular fara ce fat. Yazidu ya taɓa da yatsa, ɗigo ya fito. Ya sake taɓawa, wani ya fito, layi ya haɗa su. Sai da'ira, sai wata ta ratsa ta, ga ƴan haruffa a kowane lungu. Na sha ganin hatimi a allon marigayi, da wannan kamarsu ɗaya, sai dai wannan motsi yake yi. Zaren ƙofata kuwa yana nan a kan gwiwarsa.

Ban koma ciki ba. Na zauna da tasbahata na ce, "Yazidu, ka ji tsoron Allah. Hatimin wa kake bugawa da awon ƙofata?"

Mushe Jafaru ya yi dariya har fura ta sarƙe shi. Ya ce, "Inna, wannan bai kai ga tsibbu ba, ko tauraro ya kasa tsayarwa. Duba ki gani."

Ya nuna mini wani tauraro da Yazidu ya zana. Ya kama tsini ɗaya da yatsa ya ja, sai tauraron ya karkace ya zube kamar danga bayan iska.

Ya ce, "Kin ga, da ido ya yi shi, kamar yadda ya saba da alli a ƙasa. Abin nan ba ya yarda da ido. Sai ka fara da tsakiya, ka buga da'ira, ka raba ta daidai, kowane layi ya san wanda yake riƙe da shi."

Yazidu ya ce, "Mushe, yatsana ne ya yi kauri."

"Kanka ne ya yi kauri. Nuna mata na jiya."

Yazidu ya buɗe wani. Wannan ko ta ina aka ja shi, sai dai ya girma ko ya ƙanƙance, bai lalace ba. Yazidu ya ce ƙofa ce Elhaji ya sa shi ya yi mini, yana so ya daidaita adonta kafin ya yanka ƙarfe, don ya gaji da ɓarna.

Sai hankalina ya ƙara tashi. Mutumin da ke son in tashi, shi zai yi mini ƙofa? Ba sai an je wurin boka ba ashe. Ƙofa da makulli take zuwa, wanda makulli ke aljihunsa kuwa shi ke cewa a shiga ko a fita. Na dubi Yazidu, bai yarda mun haɗa ido ba. Na kwashe ƙwaryata na shige.

Ranar da aka zo kafa ta, Elhaji na tsaye da babbar riga. Ƙofa ce shuɗiya, tauraro a tsakiya, ta zauna daram. Ya zagaya ta, ya shafa, ya ce, "Kai maƙeri, ina wurin makullin da na ce? Ɗaya nata, ɗaya nawa?"

Yazidu ya ce, "Elhaji, bari ka gani." Ya fiddo salula. "Nan ne makullin zai zauna. In na matsa wannan tsinin don ya samu wuri, ga abin da zai faru."

Ya ja, tauraro ya zube.

Ina bayansu ina kallo. Na gane shi sarai, na farkon nan ne, mai gajeren tsini ɗaya a ƙasa, wanda ya yi da ido. Mai kyan bai buɗe shi ba.

Elhaji ya ce, "To yanzu na'ura ce za ta gaya mini yadda zan yi da gidan wana?"

"Ni dai abin da ta nuna ke nan. Na sa sakata daga ciki."

Elhaji ya yi tsaki, ya ce zai dawo. Har yau bai dawo da wannan maganar ba, gaisuwa kawai yake aikowa.

Na shiga na tura sakata, na ji ta shige da ƙara mai daɗi. Da na leƙo, Yazidu ya koma rumfarsa ya rufe fuska da baƙin gilashinsa.

Yanzu ya ƙware, tagogin unguwar nan rabinsu daga salularsa suka fito. Ina kai masa fura, ina sa shi a addu'a. Amma mutumin da zai dubi Elhaji ya nuna masa zanen da ya ga dama, fuskarsa ko motsi ba ta yi ba, ban ce na gama saninsa ba. Ran nan na tambaye shi zaren nan. Ya lalubo shi cikin tarkacen ƙarafa ya miƙo mini, na sa shi a murhu.