Ranar da Na Wanke Ƙafar Matron

Peckham

Na fito bayan sallar asuba, gari bai waye ba, ana yayyafi. Mako guda ke nan ban je aiki ba. A gidan kula da tsofaffi nake aiki, a can wani dattijo ya cika ina ba shi shayi, kansa a kan hannuna. Tun ranar, ko kafaɗar mutum na taɓa sai jikina ya kama rawa. Manaja ta ce zuwa yamma take son amsa: ko in dawo, ko a ba wata gurbina, har da karatun nas da za su tura ni.

"Gwaggo, ni fa na haƙura," na ce da Gwaggo Larai, ƙanwar babana da nake zaune a wurinta, kafin in fito.

"Je ki haƙura a gaban Matron, tsohuwar malamar nas ɗin nan. Ungo kilishin nan ki kai mata, haƙoranta sun fi naki."

Old Kent Road

Ƙarfe bakwai saura na sauya bas. Direba ya taka birki, wata tsohuwa ta yi tangal-tangal a gabana. Na so in riƙe ta, wallahi hannuna ya ƙi tashi. Wani dattijo ɗan Gana ne ya tare ta. Da ya ji ina salati sai ya dube ni, ya yi mini magana da Hausarsu ta can.

"Yarinya, kana lafiya?"

Na ce lafiya lau, na sunkuyar da kai har muka haye kogi.

Bloomsbury

Matron tana zaune a gidan ɗanta likita. Ta kusa casa'in, ga ta 'yar ƙarama cikin suwaita. Tana cikin matan Arewa na farko da suka zo nan ƙasar Turawa koyon horar da nas, ta koma gida ta buɗe makaranta a cikin asibiti.

"Aji ɗaya aka ba ni, kusa da ɗakin wanki," in ji ta. "Gida-gida nake bi ina roƙon iyaye. Wani ya ce 'yarsa ba za ta ɗauki fo ɗin ƙato ba. Ita ce daga baya ta gaje ni."

Na fara ba ta labarina, kuka ya ci ƙarfina. Ba ta lallashe ni ba.

"Ya tafi shi kaɗai?"

"A'a, Mama, ina riƙe da shi."

"To. Tashi, 'yata, ina son in yi alwalar sallar walaha, ba na iya sunkuyawa. Ɗebo ruwa a roba. Da gwiwar hannu ake gwada zafinsa."

Na durƙusa. Ƙafarta sanyi ƙalau, fatar kamar takarda. Hannuna na rawa har ruwa na zuba a kafet.

"Mama, kin gani ko?"

"Na gani. Nawa ma rawa yake, wa ya fasa cin abinci? Bi tsakanin yatsu. Ɗalibaina sai sun yi makonni suna wanke ƙafar junansu kafin in bari su taɓa allura. Ke, ba tukunya kike kankarewa ba!"

Dariya ta kuɓuce mini. Ina goge ƙafa ta biyu na lura rawar ta ragu. Ba ta tafi duka ba, amma tawul ɗin bai faɗi ba.

Muka karya da shayi da burodi, ta cinye rabin kilishin.

Komawa

A bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa na tsaya na kira manaja, tun kafin zuciyata ta sake shawara. Na ce ta sa ni a aikin safe. Ta ce za ta haɗa ni da wata babbar ma'aikaciya a makon farko.

Na iso gida ana azahar. Har yanzu ina ganin fuskar dattijon nan da ya cika a hannuna, Allah ya sa ya huta. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Matron. Gwaggo ta buɗe ƙofa tana kallon bakina.

"Gwaggo, ina kika ajiye dutsen guga? Zan goge kayan aikina."