Daw Ohn Kyi, Mai Sauraro a Bayan Kicin

Shekara talatin da ɗaya ke nan Daw Ohn Kyi tana kaɗa ƙararrawar safe a gidan zaman nutsuwa da ke kan tudun Sagaing. Ta dama kunun shinkafa, ta share zaure, sannan ta naɗe ƙafa a ƙarshen sahu tana bin numfashinta kamar kowa. Ita ba malama ba ce. Amma da babban malami ya sallami mutane, sai ka ga ana sulalewa bayan kicin, domin can ake faɗin abin da ake jin nauyin faɗa masa.

Ta ji iri-iri. Akwai mai rantsuwa gwiwarsa ta tsage don tsawon zama, akwai matar da ta yi wata biyu lafiya lau, rana ɗaya kuka ya ƙwace mata saboda uwarta da ta rasu tun tana yarinya. Wani kuma jikinsa ya ji yana zubewa kamar yashi, har ya ɗauka hauka ce. Duk takan saurara, hannunta na tsince shinkafa.

Wanda ba zan manta ba shi ne U San Pe, tela daga Monywa. Shekara tara yana zuwa duk damina. A ta taran, yana zaune ido rufe, sai haske ya cika masa kai, ciwo ya ɗauke, wani daɗi ya lulluɓe shi. Bawan Allah ya yanke cewa ya iso matakin ƙarshe da kowa ke nema. Har ya sayi rigar masu gudun duniya, zai aske kai, ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu.

"Inna, na gani!" ya ce wa Daw Ohn Kyi a bayan kicin.

"Hasken? Fari ko ruwan zuma?"

Ya yi sororo. "Fari."

"Nawa ruwan zuma ne. Shekara ashirin da shida ke nan, ga ni har yau ina kankare tukunya. Kai ɗan nan, me malam ya ce a yi da ciwon gwiwa?"

"A lura da shi, a bar shi ya wuce."

"To shi wannan don yana da daɗi ka rungume shi hannu biyu? Ajiye rigar nan mako guda. In hasken yana nan, ni zan riƙe maka ƙyallen aski."

Ya fita fuu, kwana uku ko kallonta bai yi ba. A na huɗu hasken ya tafi, ya bar shi da gwiwarsa. Ya dawo bayan kicin ya yi kuka mai isarsa. Damina na wucewa ya koma gida.

Ke ce, Daw Ohn Kyi, wadda ba ki taɓa tsorata mai tsoro ba, ba ki kuma taɓa zuga mai murna ba. Yanzu ido ya yi rauni, za ki koma wajen 'yar ƙanwarki, kuma gaskiya zuciyata ba ta so.

Mun gode, Inna. Mu da muka rage, in wani ya zo mana da abin da ya gani, mu saurara har ya gama, mu gaya masa gaskiya ko zai yi fushi. A Monywa akwai yara huɗu da suka tashi a gaban ubansu, ko sunanki ba su sani ba.