Ɗigon da na gano a shagon Yaya

Shekara biyu na yi ina kallon hotunan tauraro ɗaya. Wata farfesa ce a Turai ta turo mini su, bayan malamina na jami'a ya haɗa mu. An ɗauke su da wani ƙaton madubin hangen nesa mai lanƙwasa fuskarsa don ya gyara rawar da iska ke sa haske ya yi. Tauraron jariri ne a shekarun taurari. Aikina in rage haskensa a kwamfuta, in duba ko akwai ƙaramin ɗan'uwa laɓe a gefensa.

A gidanmu na Zongo ba wurin aza kwamfuta, ga dumsor, wato yawan ɗauke wuta. Sai na koma shagon Yaya a Asokore Mampong, inda yake gyaran waya, yana da janareta. Masu kawo gyara su leƙo su tambayi abin da nake kallo. Yaya ya ce, "Ku bar ta, taurari take tsinta."

Wata Alhamis bayan azahar na ga wani ɗigo a gefen tauraron, dishi-dishi. Farfesa ta ce tabon na'ura ne. Na koma tsofaffin hotuna, na yi wata huɗu ina aunawa, na nuna mata duk inda babban ya matsa, ƙaramin na biye da shi. Ta rubuto kalma ɗaya: madalla. Daga nan shiru.

Da takardar binciken ta fito, sunan wani ɗalibinta ne a sama. Nawa yana can ƙarshe, cikin waɗanda aka gode wa, an ma rubuta shi ba daidai ba.

Na hau motar haya ta trotro na je wurin malamina. Ya karanta, ya cire gilashi, ya ce, "'Yata, ki yi haƙuri. Ita ce ke karɓar mana ɗalibai. In kin yi magana, kin rufe wa na bayanki ƙofa."

Na ce, "Malam, ni kuma wa ya buɗe mini?"

Ya tambaye ni lafiyar Mma.

Yanzu lissafi nake koyarwa a wata makaranta a Bantama. Bara farfesar ta sake rubuto mini, wai tana da sababbin hotuna, ta san ina da ido. Har yau ban ba ta amsa ba.