Sista mai duba farce kafin sikeli

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakin nan na ƙarshen baranda, wanda ko masu shara kan manta da shi. Ta goge sikeli, ta jera kujeru huɗu marasa hannu, don masu hannu ba kowa suke ɗauka ba. Shekara goma sha tara ke nan tana haka, a asibitin da ake tiyatar rage ƙiba. Likitocin da ke yanka su ake yi wa godiya, da su ake ɗaukar hoto. Ita Sista, aikinta sai an ɗinke an watse yake farawa.

Tana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ba ni haushi. Mutum ya zo yana ɗokin hawa sikeli, sai ta ce miƙo hannu. Ta duba farce, ta ja fatar ido, ta shafa gashi ta dubi tafinta, ta sa shi ya taka zuwa ƙofa ya dawo. Sikeli sai daga ƙarshe, kamar ba shi ya kawo mu ba.

Matata na cikin waɗanda aka rage wa tumbi. Shekarar farko ta zubar da kilo arba'in, dangi na ta barka, ni kuwa bakina har kunne. Sista kaɗai ce ba ta yi tafi ba. Ta ce, "Ƙanwata, ɗan tumbin da ya rage ba ya tsotsar abin da jiki ke buƙata daga abinci. Ƙwayoyin nan da allurar bitamin, ke da su har abada."

A shekara ta uku, ni da bakina na ce wa matata, "Kin warke fa. Mai lafiya ba ya shan magani." Ta daina. Nama ba ya zauna mata, sai ta koma biskit da shayi mai zaƙi, kaɗan-kaɗan, wuni guda. Ƙiba ta fara dawowa, kunyar sikeli ta hana ta asibiti. Sista ta yi ta kira, ni nake ɗauka in ce lafiya lau.

Ran wata Asabar, ranar hutunta, sai ga ta a ƙofar gidanmu. Matata ta fito tarbarta, silifa ɗaya ta fita daga ƙafarta, ta ci gaba da tafiya ba ta sani ba. Sista ta tsaya tana kallon silifar.

"Malam, tun yaushe takalmi ke fita ba ta ji ba?"

A ranar ta kai mu gwajin jini. Gwajin ya nuna rashin bitamin ya fara kashe mata jijiyoyi. Allurai sun ceto hannuwanta, sun ceto ranta. Jijiyoyin ƙafa kam, likita ya ce mun makara.

Ke ce, Sista, kika zauna bakin gadonta kina ba ta ƙwai da ƙaramin cokali, kina hana ta haɗa ruwa da abinci. Ke ce ba ki taɓa ce min "ai na faɗa" ba, ko da yake na cancanci fiye da haka. Wata mata a layi ta ba ni labarin yadda kika gano ƙarancin jininta daga farcen da ya lotsa. Irinmu suna da yawa, kuma yawancinsu ba su san sunanki na gaskiya ba.

Ƙarshen watan nan Sista za ta yi ritaya. An ce ɗakin za a mai da shi wurin ajiyar kaya, marasa lafiya kuma su zo "in sun ji wani abu". Wallahi wannan magana ta karya min zuciya. Ciwon da ke kashe jijiya, ta yaya mai shi zai ji?

Na gode, Sista, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki hutun da ba ki taɓa samu ba. Ku kuma matasan ma'aikatan jinya, don Allah wani ya karɓi wannan aiki. Ku kira wanda ya daina zuwa, kuma in miji ya ce lafiya lau, ku ce a ba ku ita.

Jiya matata ta taka daga gado zuwa ƙofa da sanda, taku shida, ta juyo tana murmushi wai in gaya wa Sista. Na ce to, na fita waje na yi kuka. Ni na yi kuskuren, amma ƙafafun da suka tafi ba nawa ba ne.