Kular Yaya a Shagon Tela

Shekara talatin Tela yana kan keken ɗinki, ƙafa na aiki, baki na aiki. Cokali huɗu na sukari yake zuba wa shayi, burodi kuwa aljihun keke ɗaya suke kwana da almakashi. Tumbinsa ke fara isa teburi kafin hannunsa.

Ranar da zare ya ƙi shiga kafar allura, ya garzaya asibiti, don tela ba ido ai ya tashi daga aiki. Likita ta ce ciwon sukari ne, amma in ya rage ci ya sauke kilo goma sha biyar, ana sa ran ya lafa. Matarsa ta koma auna masa abinci a ɗan faranti. Kullum da safe ta zura masa zare a allurai goma, ta soke a ƙyalle, kada masu kawo ɗinki su gane.

Wata biyu, wando ya fara zamewa. Sai ga yayarsa a shago.

"Auta, horon yunwa matar nan take maka?"

"Yaya, likita ce ta ce..."

"Likita ce ta goya ka ko ni?"

Daga ranar, kula cike da shinkafa da nama ke sauka a shagon kowace azahar. Mayar wa Yaya da kula a cike kuwa, wa ya isa? Sai Tela ya samo dabara: duk wanda ya zo awo, ba ya fita sai ya ci. Direba ya ci, mai wanki ya ci, shi yana gefe yana haɗiyar yawu. Kafin a jima yana rage wandonsa yana buɗa nasu.

A wata na shida likita ta ce sukari ya sauka, ya ajiye magani, amma ya riƙa zuwa gwaji. Da azahar Yaya ta dire kula, ta ƙare masa kallo.

"Ka ga yadda ka murmure? Girkina ne."

Ya faɗa mata gaskiya kaf. Sannan ya ɗauki allura, ya zura zare tashi ɗaya, har idonsa ya kawo ruwa don murna.

Yaya ta fizge allurar. "Wannan ne abin kuka?"

Ta gwada sau uku, zare na wucewa ta gefe. Ta dubi kular, ta dubi nata cikin.

"Auta," ta ce a hankali, "wace rana likitar taku take zama?"