Uwar da Ta Kau da Kai

Da na fanshi kaina daga bauta a tsallaken teku, na bar dakon buhunan sukari daga bakin ruwa zuwa tudun birnin Salvador, na koma sassaƙa. Turmi da cokali, iyakar gwanintata ke nan, amma ina fankama kamar ni na sassaƙa ƙofofin cocin garin.

Wani Bature mai ɗab'i a unguwar Pelourinho ya kira ni. Yana son hoton Maryamu rungume da gawar ɗanta, yadda Kiristoci suka yi imani, a sassaƙa a allo, a shafa tawada, a danna a takarda. In ya yi kyau aikin shagon ya zama nawa, in bai yi ba in koma ɗaukar buhu da wannan mataccen ƙugun. Ni mai sallah a ɓoye, na yi istigfari sau uku na karɓi allon.

Kwana tara ina ƙwaƙular katako. Da aka ɗaga takardar farko, Baturen ya daɗe yana kallo.

"Me take dubawa a can gefe?" in ji shi. "Ɗanta ne fa ya mutu. Wannan kamar tana jira a auna mata gari."

Na gyara tsayuwa na shiga yi masa darasi. Na ce ai ɗan fari ne, kuma a garinmu uwa mai kunya ba ta kallon ɗan farinta a gaban mutane, ko sunansa ba ta kamawa. Ni ma ɗan fari ne, na sani. Ya miƙo wani allon, ya ce kunyar garinmu ba ta sayuwa a nan.

Na koma gida ina huci. Na cika ƙwarya da ruwa, ina leƙawa ina yamutsa fuska, ko zan ga kamannin baƙin ciki. Abin da na gani tsoho ne mai ciwon haƙori.

Ina cikin haka sai ranar da mahara suka ɗaure ni a gonarmu ta faɗo mini. Shekara talatin ina gaya wa kaina cewa innata ta dake. Ƙarya nake yi. Biyo dawakansu ta yi da gudu, ba ɗankwali, baki buɗe, tana ƙwala kiran sunana, sunan da ban taɓa ji a bakinta ba.

Wannan bakin na sassaƙa. Wuƙar ta yi ta zamewa, layukan suka fito a karkace, ban gyara ba. Baturen ya ba ni aikin, mata suna saye suna share hawaye. Ni kuwa har yau in na ga takardar a bango, kau da kai nake yi.