Majayin Lauwali Wanzami

Ni baduku ne, shekarata arba'in da ɗoriya ina ɗinkin fata a Wurno, kuma har yau in na tuna abin da aka yi wa Lauwali Wanzami sai in ji abinci ya fita raina.

Lauwali abokina ne tun muna tsallen ƙasa, ko da yake shi bai taɓa yin tsallen ba. Shan inna ya cinye mishi ƙafar hagu tun yana goye. Da ya gaji aska daga ubansa, sai ya ga wanzamin da ba ya yawo ba ya cin tuwo, ya tara abin da ya tara ya sayi doki. Tun daga ranar doki ya zama ƙafafunsa. Kowace safiya zai hau daga kan dakalin ƙofar gida, zabira a kafaɗa, ya nufi ƙauyuka. Yau Maikujera askin suna, gobe wajen Kagara ƙaho ko cire belu. Akwai gidajen da ya aske kaka, ya aske uba, ya aske jika. Babur ya zo ya cika gari, shi ko kallo bai ishe shi ba, don ƙafarsa ba ta iya tokare ƙasa.

Kayan dokinsa kuwa, to, ba na gardama, ba su da kyan gani. Igiyar linzami ja ce, jalalar da ake shimfiɗawa kan sirdi koriya, da faci rawaya a gefe. Majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin cikin doki, baƙi ne rabi, rabi ja. Ni na yi shi, da abin da ya rage a shagona. Amma riɓi biyu na yi shi, don Lauwali a kan likkafa ɗaya yake dogara, ta dama, nauyinsa duk a can yake sauka. Majayin wani in ya yi sako-sako sirdi ya ɗan karkace ne kawai. Na Lauwali in ya saki, ƙasa ce. Duk wata yana shafa mishi man shanu da hannunsa, shekara goma sha ɗaya bai taɓa ko tsagewa ba. Dokin ma ban taɓa ji ya kai ƙarar launi wurin kowa ba.

Sai ga Khalid. Ɗan farin Lauwali ne, magidanci da 'ya'ya uku, yana sayar da waya a Sakkwato. Wani marar aikin yi ya ɗauki hoton tsohon a wurin suna, ya watsa a waya, aka yi ta dariya wai dokin wanzami ya sa tsummokaran tela. Khalid ya gani, kunya ta kama shi. Kunyar mi, don Allah? Wanga hawan doki shi ya ciyar da kai, shi ya kai ka makaranta.

Ya zo gida ya tarar uban na kwance da zazzaɓi. Bai tambayi kowa ba, bai taka zuwa shagona ba, ga shi nan bayan masallaci. Ya kwashe linzami da jalala da majayi ya zuba a buhu ya kai wa wani mai rinin shadda a birni, ya ce a mayar da su launi ɗaya. Shi kuma wancan, Allah ya shirye shi, ya tsoma fata cikin tafasasshen ruwan rini da soda kamar yadi, ya shanya a rana. Fata fa! Ko matar da ke jiƙa ganda ta san abin da ruwan zafi ke yi wa fata.

Da Lauwali ya warke na je gaishe shi, na ga kayan rataye, shuɗi fes, har da sheƙi. Na kama majayin na lanƙwasa, na ji yana ƙara kamar busasshen ganye. Raina ya ɓaci. Na ce mishi wanga abu ya mutu, ya ba ni kwana huɗu in yi wani. Ya ce ya sani, tun da ya taɓa shi ya sani. Na ce to mi yake jira, ya kira ɗan nasa ya gaya mishi.

Nan ne gizo ke saƙar, don Lauwali mutumin da ne. Ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya haɗa ido da shi, balle ya zaunar da shi ya ce ka yi ɓarna. Kuma Khalid na nan gida bai koma ba, yana jiran ya ga uban ya hau.

Lauwali ya sunkuyar da kai ya ce, "Usaini, yaron don ya faranta min ya yi. In hau sau ɗaya ya gani. In ya tahi sai ka yi min wani."

Na yi faɗa, na rantse, na ce kara ba ya riƙe sirdi. Ya yi murmushi kawai ya ce akwai suna jibi a Maikujera, zai tafi a hankali.

Ya tafi a hankali ɗin. Khalid ya tsaya ƙofar gida yana ɗaukar hoto, yana washe baki. Lauwali bai yi nisa da gari ba, a gangaren wani kwalbati na ruwan noman rani, dokin ya ɗan dirga, Lauwali ya danna likkafar dama yadda ya saba, majayi ya ɓalle gida biyu. Masu dashen albasa suka ɗauko shi a amalanke. Ƙashin ƙugu ya karye, kuma na dama, wato ƙafar da yake da ita.

Mai ɗori ya yi iya yinsa, asibiti ma an je. Ƙashi ya kama, amma ya kama a karkace. Khalid ya yi kuka, ya kashe kuɗi, ban hana mishi wannan ba. Ya zo shagona da guntayen majayin a leda yana tambaya ko za su ɗinku. Na ce ya ajiye su ya riƙa kallo, launinsu ai ya dace da juna. Daga baya na ji ban kyauta ba, amma ban janye ba.

Mutanen Maikujera sun jira wata biyu, suna zuwa gaisuwa da ƙwaryar fura. Haihuwa kuwa ba ta jira, suka nemi wani wanzami mai babur. Dokin na nan a turke yana cin harawa yana ƙiba, da hantsi ya yi ta haniniya yana duban dakali.

Wata rana ina zaune gefen tabarmarsa, Lauwali ya ce in yi mishi sabon majayi, riɓi biyu kamar na da. Na san ba zai hau ba, shi ma ya sani. Don in ja shi da wasa na ce wane launi ranka ya daɗe yake so.

Ya ce, "Wanda kag ga dama. In dai ba ya tsinkewa."

Na yi shi da ragowar fata uku, ja da baƙi da rawaya, na ɗinke shi da kyau kamar za a je Goronyo a dawo. Yana rataye a ƙusa saman kansa wata takwas ke nan. Duk wata sai ya sa a sauko mishi da shi, ya shafa man shanu, a mayar.